Ni AS ce, shi ma AS ne: wai in mun tsaya a 'ya'ya uku mun tsira?

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce, shekarata 24, ina koyarwa a wata firamare a Kano. Shekara uku ke nan muna tare da wanda zan aura, magabatansa har sun kawo kuɗin gaisuwa, saura sa rana. Da muka je gwaji sai aka ce ni AS ce, shi ma AS ne. Hankalina ya tashi, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce ai ɗa ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa da sikila, saboda haka mu haifi uku mu tsaya. Ya ce kashi 75 cikin 100 lafiya ne, wanda ya ci 75 a jarrabawa kuwa A ya samu. Ya ce kuma in dubi yayansa: shi da matarsa duk AS ne, 'ya'yansu biyar, babu mai sikila ko ɗaya. Mahaifiyarsa ta aiko a gaya min in daina shiga hurumin Allah. Na yi darasin ƙididdiga a kwalejin ilimi, jikina na ba ni cewa akwai kuskure a lissafinsa, amma na kasa nuna masa inda yake. Ina son sa, Anti. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Jikinki bai yi miki ƙarya ba. Akwai kuskure a lissafin nan, ba guda ba ma, kuma duka irin waɗanda aka koya muku a aji ne, sai dai a aji da kwabo da ƙwallaye a jaka aka yi misalin, yau kuma ga shi ya zo miki da kuɗin gaisuwa. Ba na jin saurayinki yaudarar ki yake yi. Mutum ne da ke son ki, ya ji "ɗaya cikin huɗu" a bakin likita, ya fassara ta yadda za ta bar masa ƙofa a buɗe. Mutane da yawa, har da masu digiri, haka suke fahimtar ta.

Bari mu ga daga ina ɗaya cikin huɗun ta fito. Ke kina ɗauke da ƙwayoyin gado biyu, A da S. Shi ma haka. A kowane ciki, ƙwan da ya fito daga jikinki ɗaya kacal yake ɗauka daga cikin biyun, ko A ko S, rabi da rabi. Daga wajensa ma haka. Abin da jikinki ya bayar ba ya jiran ya ga abin da nasa ya bayar, don haka ake ninka su: rabi sau rabi, rubu'i ke nan. Hanyoyi huɗu ne. A daga gare ki da A daga gare shi, ɗa ya zo AA. A da S, ko S da A, ɗa ya zo AS kamar ku. S da S, ɗa ya zo SS, shi ne mai sikila.

Yanzu ga abin da nake so ki yi, ba a takarda ba. Ran da ya zo zance, ki ɗauko ƙwarya, ki zuba ƙwayar wake huɗu, uku farare, ɗaya ja. Ki ce ya rufe ido ya ɗauki ɗaya. Ya duba, sannan ya mayar da ita cikin ƙwaryar, ki girgiza, ya sake ɗauka. Mayarwar nan ita ce dukan maganar. Shi a ransa yana ɗauka ne yana ajiyewa gefe, kuma har ya ƙaddara cewa jar ƙwayar za ta yi haƙuri ta jira layi sai a karo na huɗu. Haihuwa ba haka take ba. Kowane ciki da ƙwarya cikakkiya yake farawa, jar na nan a ciki, kuma tana iya fitowa a ɗauka ta farko. Ɗan fari na da ɗaya cikin huɗu. Na biyu na da ɗaya cikin huɗu, ko na farkon ya zo da sikila ko bai zo da ita ba. Wannan shi ne abin da malaminku ya kira aukuwar da ba ta dogara da wata ba. Ki bar shi ya yi ta ɗauka uku-uku har sau ashirin, kina rubutawa a littafi sau nawa jar ta shigo. Ba sai kin yi masa gardama ba.

Lissafin 'ya'ya ukun nasa ga shi. Kafin a ce duka ukun sun tsira, sai na farko ya tsira, na biyu ya tsira, na uku ya tsira. Uku bisa huɗu sau uku bisa huɗu sau uku bisa huɗu, ya ba da 27 bisa 64. Ki ƙaddara gidaje 64 irin naku, kowanne ya haifi uku ya tsaya kamar yadda ya tsara. Gidaje 27 ba za su ga sikila ba. Wasu 27 za su sami ɗa guda mai ita. Gidaje 9 za su sami biyu. Gida ɗaya kuma duka ukun. Wato gidaje 37 cikin 64, kusan kashi 58 cikin 100, suna da aƙalla mai sikila ɗaya. Shirin da yake gani a matsayin mafita, rashin nasararsa ya fi nasararsa yawa.

Daga nan kin ga abin da ya sami 75 ɗinsa. Kashi 75 na ɗa ɗaya ne kawai. Da an haifi biyu ya sauko zuwa kashi 56. A uku 42, a huɗu 32, a shida 18. Kuma ni da ke mun san gidajenmu. "Mu haifi uku mu tsaya" magana ce ta zaure da daddare. Idan ukun suka zo mata, a nan za ki ji dangi sun fara cewa a gwada ko na huɗu namiji ne. (Wannan ma irin kuskuren ne: macen da ta haifi mata huɗu a jere, cikinta na biyar kusan rabi da rabi ne, kamar dai na farko. Babu wani bashin namiji da take bi.)

Sai maganar yayansa, wadda na san ita ta fi kashe miki baki, don abin da ido ya gani ya fi alƙalami ƙarfi. Ga yara biyar suna guje-guje a tsakar gida, ke kuma kina riƙe da takarda. To, ninka uku bisa huɗu sau biyar: 243 bisa 1,024, kusan kashi 24 cikin 100. Ma'ana, a cikin gidaje huɗu na AS da AS masu 'ya'ya biyar, kusan guda ɗaya zai fito haka, fes. Gidan yayansa bai karya ƙa'idar ba, ƙa'idar ce ma ta ce dole a sami irinsa. Allah ya ƙara musu lafiya. Amma sauran gidaje ukun fa? Su ba a kai ki gaishe su ba. Kuma idan matar yayan nasa ta sake samun ciki gobe, ɗan na shida na da ɗaya cikin huɗu, ba ragi.

A nan ne darasin yawan samfuri ya shigo. Tambayar ita ce: yara nawa ya kamata mutum ya ƙirga kafin ya ce ya san yawan haɗarin? Kin tuna dabarar. Idan muna zaton abu yana faruwa kashi 25 cikin 100, muna so mu auna shi da tabbacin kashi 95, kuma kuskurenmu kada ya wuce kashi 5 sama ko ƙasa, sai mu ninka 1.96 (lambar da ke tafiya da tabbacin kashi 95) sau 1.96 sau 0.25 sau 0.75, mu raba da 0.05 sau 0.05. Amsar 288 da 'yan kai, a cike ta ta zama 289. Yara 289, kuma waɗanda aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a, ba 'ya'yan wanda labarinsa ya yi mana daɗi ba. In kina so ki rage kuskuren ya koma rabi, kashi 2.5, ba ninki biyu za ki ƙirga ba, ninki huɗu ne: yara 1,153. Saurayinki yana da biyar.

Biyar ba ta iya tabbatar da komai. Ko da a ce haɗarin kashi 40 ne, ba 25 ba, za a sami kusan gidaje 8 cikin 100 da za su haifi biyar lafiya lau. A haɗarin kashi 25 kuwa, sai ma'aurata sun jera yara 11 babu mai sikila kafin yiwuwar hakan ta sauko ƙasa da kashi 5 cikin 100, kafin mai ƙididdiga ya fara ɗaga gira. Ko a lokacin ma ba zai ce dokar gado ta canza ba, zai ce a sake gwada iyayen, wataƙila ɗayansu AA ne tun asali. Ki tambaya da ladabi: an gwada yaran biyar ɗin, ko dai ganin su ake yi lafiya? Jariri mai SS yakan yi watanni huɗu zuwa shida ba a ga komai ba, saboda jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi, wasu kuma ciwon nasu kan yi sauƙi har su yi wayo ba a gane ba.

Wanda ya fara gano wannan ƙa'ida ta ɗaya cikin huɗu, Gregor Mendel, a lambu ya gano ta, a garin Brno na ƙasar Cek ta yanzu, ya buga sakamakonsa a 1866. Wani irin wake ya yi ta shukawa yana ƙirgawa. Daga tsirrai 253 ya tara ƙwayoyi 7,324: masu santsi 5,474, masu tamoji 1,850. Ki raba ki gani, kashi 25 ne da ɗan ɗori. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ya rubuta abin da tsirrai ɗaiɗai suka bayar. Wani tsiro ya ba da masu santsi 43, masu tamoji 2 kacal. Wani ya ba da masu santsi 14, masu tamoji 15. Da ya tsaya a tsiro na farko da ya ce abin ba ya faruwa sai jefi-jefi. Da ya tsaya a na biyu da ya ce rabi ne. Sai da ya haɗa dubbai gaskiyar ta fito. Shi ya sa ma binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 bai tsaya a unguwa guda ba, yara sama da 11,000 'yan ƙasa da shekara biyar aka gwada a faɗin ƙasar kafin a ce kusan kashi 20 cikin 100 AS ne.

Akwai kuma wani abin da ke ɓata ƙirgar da muke yi da ido. Gidan da suka haifi biyar lafiya, kowa ya san labarinsu, su ake kafa hujja da su a duk inda magana ta tashi. Gidan da suka binne biyu kafin su shiga firamare, sau da yawa ba a ma kira ciwon da sunansa ba. An ce shawara ce, an ce zazzaɓi ne, an ce amosani, an ce wabi. Uwar ba ta zuwa taron biki ta ba da labari. Don haka abin da ke iso kunnenki an riga an tace shi.

Ba zan zana miki sikila kamar hukuncin kisa ba, don ba haka take ba, kuma akwai masu ita da ke karanta wannan shafi, sun gama jami'a, suna aiki, sun yi aure. Kulawa ta inganta: rigakafin zazzaɓin cizon sauro, folik asid, fenisilin ga ƙananan yara, alluran rigakafi, da maganin hydroxyurea da ke rage yawan tashin ciwon. Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala duk suna da sashen masu sikila. Amma ina so ku je can ku biyu, ranar da ake ganin yara, ku zauna a benci na awa biyu. Ku ga ɗan wata takwas da hannuwa da ƙafafu a kumbure yana tsala ihu ba a iya taɓa shi. Ku ji uwar da ke ba da labarin yadda ta bi dangi da waya ƙarfe biyun dare tana neman mai ba da jini. Ku tambayi uba nawa yake kashewa a wata, da sau nawa ya nemi izini a wajen aiki. Ku tambayi matashiya mai ciwon kanta me za ta ce wa iyayen da suka sani tun kafin aure. Wasu za su ce ba komai, wasu amsar tasu za ta hana ku barci. Ku ji duka.

Warkewa gaba ɗaya a ƙasar nan sai ta dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Yana buƙatar mai bayarwa da ya dace, yawanci ɗan'uwa ciki ɗaya, yana da haɗarinsa, kuɗinsa kuma miliyoyi ne. Akwai gwajin da ake yi wa ciki tsakanin mako 10 zuwa 13 don a san nau'in jinin ɗan tayi, Gidauniyar Sikila ta Najeriya da ke Legas na yin sa. Sai dai gwajin sanar da ke kawai yake yi, tambayar da ke biyo bayansa ta malamai ce da ta zuciyarki, kuma gara a yi ta yanzu da a yi ta da ciki a jiki. Akwai kuma haɗa ƙwai a asibiti a zaɓi wanda ba SS ba kafin a dasa, wanda albashin malamar firamare ba ya ko kusantar sa, kuma ba kullum dashen ke kamawa ba. Idan saurayinki ya ce da ɗaya daga cikin waɗannan zai dogara, ki ce ya kawo lissafin kuɗin a rubuce.

Game da saƙon Hajiya mahaifiyarsa, kada ki mayar mata da martani, ba girmanki ba ne. Amma ke ki san cewa auna haɗari ba shiga hurumin Allah ba ne. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa. Da aka ce masa yana gudun ƙaddarar Allah ne, sai ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Allah ne ke ba da lafiya, kuma shi ne ya ba mu ilimin da ya nuna mana ɗaya cikin huɗun nan. Ko gwamnati ma ta shigo maganar: a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da na jinotayif, wato gwajin sanin ko mutum AA ne, AS ko SS. Idan wani ya zo muku da shawarar a "gyara" takarda, ki san cewa takardar ce kawai za ta gyaru.

Kafin komai, ku sake gwajin. Ana samun kuskure a ɗakunan gwaji, kuma ba ƙaramin abu ba ne a raba aure kan takarda guda. Ku je wani wuri daban, a ɗebi sabon jini, in da hali a babban asibiti inda ake yin gwajin HPLC, wanda ke tantance nau'in jini dalla-dalla. Kada ku yarda da gwajin gaggawar nan da kawai ke nuna akwai S ko babu, kuma idan an ƙara wa ɗayanku jini cikin wata ukun da suka wuce, ku gaya wa likita. Dalilin canza wuri ma lissafinmu ne dai. A misali, in kowane ɗakin gwaji yana kuskure sau ɗaya cikin 20, kafin biyu da ba su da alaƙa su yi kuskure tare sai sau ɗaya cikin 400. Amma in kuka koma wuri ɗaya, na'ura ɗaya, ma'aikaci ɗaya, abin da ya jawo kuskuren farko na iya jawo na biyu, ninkawar ba ta aiki.

In sakamakon ya sake fitowa AS da AS, kin tambaye ni yadda za ki yi, kuma ba zan ɓoye miki ra'ayina ba: ku haƙura da juna. Na san nauyin abin da na faɗa. Shekara uku ba wasa ba ce, za ki yi kuka, za a yi magana a unguwa. Amma wanda zai ɗauki ciwon a ƙashinsa ba ya cikin waɗanda ake shawara da su yau, ke ce kawai mai magana a madadinsa. Hukuncin naki ne da nasa, ba nawa ba. Idan bayan zaman benci, da istihara, da ganin likitan jini, kuka zaɓi ku ci gaba, to ku shiga da sanin cewa a 'ya'ya uku 58 ne ke gabanku, ba 25 ba, ku kuma yi alkawarin gwada kowane jariri tun yana cikin zanen goyo, don kulawar da aka fara da wuri ita ke ceton rai.

Kada ki ɗauki maganar nan ke kaɗai. Ki sami gwaggo ko kawun da Baba ke jin maganarsa, ki nuna masa takardun biyu, ki yi masa lissafin gidaje 64 ɗin nan. Magabata ne suka karɓi kuɗin gaisuwa, su ne za su san yadda za a mayar da shi cikin mutunci ba tare da an ɓata zumunci ba. Gara yanzu da ba a sa rana ba, ba a kawo lefe ba.

Kuma kada tsoro ya kama ki cewa AS ɗinki ta rufe miki ƙofar aure. Mai AS lafiyayye ne. Wajen maza uku cikin huɗu a ƙasar nan AA ne, kuma AS da AA ba sa haifar SS: rabi AA, rabi AS. Abu biyu kawai za ki kiyaye. Wanda aka ce masa AC ne, shi ma sai an yi hattara, don C ma wata ƙwayar gado ce daban, kuma S da C in sun haɗu suna ba da wani nau'in sikila. Sannan in dangi suka ce a huce takaici da auren zumunci, ki tuna cewa ɗan'uwanki na jini ya fi bare yiwuwar ɗauke da S irin taki, tunda daga kaka ɗaya kuka gado. Duk wanda ya fito nan gaba, a yi gwajin tun kafin ya fara zama a tabarmar zauren gidanku. Ƙannenki ma ki ja su asibiti a wannan hutun, kowa ya san nasa.